Mai Shara a Tsohon Garin Jarash

Jarash, ƙasar Urdun
5 ga Rabi'ul Akhir

Zuwa ga Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarki Mansura da 'ya'yanta da duk mutanenmu na Sa'alaba. Yaya gwiwar? Ni alhamdu lillahi na sauka lafiya. Tun da kunnenki ba ya ɗaukar magana a wayar jawwal, zan riƙa ba Adamu direba takarda duk ranar da ya ɗauki kayan lambu daga nan zuwa Jidda. Kwana biyu yake yi a hanya.

Na kama ɗaki a saman wani mai gasa burodi. Da safe akwai sanyi, mutanen gari kuma duk sun fita tsinkar zaitun.

Yaya, garin nan biyu ne. Akwai na masu rai, akwai kuma na Rumawa a ƙetaren rafi, wanda aka ce girgizar ƙasa ta rushe shi tun shekaru fiye da dubu. Jiya na wuni a cikinsa. Ana shiga ta wata ƙofar dutse mai baki uku, wai saboda ziyarar sarki guda aka gina ta. Daga nan sai fili kamar ƙwai, ginshiƙai sun kewaye shi, sai titi miƙaƙƙe shimfiɗe da dutse. Har yau ana ganin inda ƙafafun kekunan doki suka ci dutsen. A ƙarƙashin titin akwai magudanar ruwa da murafenta. Na ce a raina, da lungunmu ya sami irinta da ruwan sama bai riƙa shigo mana ɗaki ba.

Shekara talatin da ɗaya ina sauke kaya a tashar jiragen ruwa, na san nauyi da ido. Akwai dutsen da na tsaya a gabansa, ko injin ɗaga kaya na wurinmu sai ya yi nishi, su kuwa da igiya da kafaɗa suka ɗora shi sama. Wani mai yi wa baƙi jagora ya cusa cokali a gindin wani ginshiƙi, iska na kaɗawa cokalin na motsi. Ashe ginshiƙin rawa yake yi a hankali, kuma bai faɗi ba.

Gobe zan koma, da jibi ma. Kwanakin da suka rage mini ba su da yawa, ba na so in ɓata ko ɗaya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Na'ibi

*

Sa'alaba, Jidda
9 ga Rabi'ul Akhir

Na'ibi,

Wa alaikas salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Mansura na gaishe ka.

Na karanta takardarka sau uku. Ginshiƙai, cokali, magudanar ruwa. Ni ce na goye ka, Na'ibi. Shekararka hamsin da tara a Jidda, tsofaffin gidajen unguwar Balad suna nan a hancinka, ban taɓa ganin ka ɗaga kai ka kalli ko taga ɗaya ba. Yau kai ne za ka roƙi kafili, ubangidanka na wurin aiki, hutun mako shida don ka je kallon duwatsun mutanen da ba ka san kabarinsu ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Shekaranjiya Mansura ta zo daga unguwar Safa ta share maka ɗaki. A ƙarƙashin sallayarka ta sami takardar wani asibiti na Amman, da sunanka, da ranar ganin likita. Ta so ta ɓoye mini, fuskarta ta tona ta. Sai na koma ƙarshen takardarka na sake karanta inda ka ce kwanakin da suka rage maka ba su da yawa. Tun daga lokacin abinci bai shige ni ba.

Na tsare Adamu a bakin ƙofa na tambaye shi ko ya ga alamar ciwo a jikinka. Ya ce lafiyarka ƙalau. Na ce to me ya kai ka can. Ya dubi ƙasa, ya dubi motarsa, ya ce shi direba ne, yalla maza zai tafi kada tumatir ya lalace. Mutumin da ya san ba komai ba ya amsawa haka.

Mu biyu muka rage daga cikin gidan Abdallah. Idan ciwo ne ka faɗa mini sunansa. Idan kuma likita ya yanke maka kwana, ka dawo a yi jinyarka a gaban idona, kada ka mutu a saman gidan burodi a hannun mutanen da ba su san sunan mahaifiyarka ba. Halas, shi ke nan, na faɗa maka.

Yayarki da ba ta barci,
Dela

Ka ga har hannuna ya ruɗe na rubuta yayarki. Ka gyara da kanka.

*

Jarash
14 ga Rabi'ul Akhir

Yaya Dela,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, kuma wallahi lafiya nake. Ki ci abinci. Kwanakin da nake nufi na biza ne da na hutun kafili. Takardar asibitin kuwa ita ce ta sauƙaƙa mini shigowa. Na je an duba mini ido, an ba ni tabarau, shi ke nan.

Amma kin yi gaskiya, ba duwatsu suka kawo ni ba. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Wata uku da suka wuce Adamu yana lodi a kasuwar garin nan, akwati ya faɗo masa a ƙafa, ya yi ƙara da Hausa. Wani dattijo baƙi da ke wucewa ya ce masa sannu. Adamu ya bi shi. Mutumin ya ce shi haihuwar Jidda ne, amma ya ƙi faɗin sunan ubansa, ya ƙi ƙara kalma ɗaya da Hausa. A nan Abu Raed ake ce masa, yana shara a tsohon garin. Ni na roƙi Adamu ya yi shiru, don ban so in ɗaga miki hankali a kan zato ba.

Yaya, ina jin Saleh ne. Yayana, ƙanenki, wanda ya bar gida yana shekara sha tara ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kwana huɗu ina bin sa daga nesa. Na ga tafiyar Baba, yadda yake jefa kafaɗar hagu gaba. Da na matsa na yi masa sallama da Larabci ya amsa, ya nuna mini hanyar fita kamar kowane baƙo. Bai gane ni ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Ina shekara sha bakwai ya tafi, ban da gemu.

Akwai gidan wasan Rumawa a gefen tudu, kamar rabin ƙwarya, da kujerun dutse hawa-hawa na mutum dubu uku. A ƙasa akwai wani wuri guda, idan ka tsaya a kansa ka yi magana a hankali, wanda ke can ƙololuwa zai ji ka kamar kana kusa da kunnensa. Ranar Laraba da hantsi baƙi sun ragu, na hango shi a layin ƙarshe yana shara. Na tsaya a wurin na ce da Hausa ba tare da ɗaga murya ba:

“Saleh ɗan Abdallah, Na'ibi ne.”

Tsintsiyar ta tsaya. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo ya kalle ni tsawon abin da mutum zai karanta Fatiha sau biyu, sannan ya ci gaba da shararsa. Kafin in hau matakalan ya fita ta wata ƙofa a baya.

Ban san abin da zan yi ba. Ki faɗa mini.

Na'ibi

*

Sa'alaba
18 ga Rabi'ul Akhir

Na'ibi,

Mun gode Allah da lafiyarka. Mu ma lafiya.

Kama da wane ba wane ba ce. Duk wanda aka yi wa magana daga ƙasan rami da harshen da bai saba ji ba zai tsaya ya juyo. Bahaushe nawa aka haifa a Jidda suka watsu Urdun da Sham? Tafiyar Baba kuma, tsoho nawa ke jefa kafaɗa? Shekara arba'in da biyu, Na'ibi. Da Saleh na raye da ya aiko ko da gaisuwa ranar da Inna ta rasu.

Kuma ka yi tunani. Adamu ya san labarin gidanmu, kowa a Sa'alaba ya sani. Wa ya tabbatar maka ba shi ya tsegunta wa mutumin ba? Yau ya ƙi ka, gobe ya ƙi ka, jibi ya faɗo jikinka yana kuka, ka ɗauke shi ɗan'uwa, daga nan a fara maganar a nema wa ɗansa aiki da iƙama, takardar zaman ƙasa, a kan wuyanka. Na ga an yi wa mutane haka.

Idan ka nace, ga tambaya uku. Da wane suna Inna take kiran sa idan su biyu ne? A wace ƙafa ƙusa ta huda shi a unguwar Karantina? Wane ne ya koya masa iyo? Kada ka taimaka masa da ido ko da kai, na san halinka.

Idan ya kasa ko ɗaya ka tattaro kayanka ka dawo. Idan ma ya amsa, kada ka ba shi kwatancen gidana sai na ce.

Dela

*

Sa'alaba
27 ga Rabi'ul Akhir

Na'ibi,

Lafiya? Adamu ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya je gidan burodi ba ka nan, an ce ka kwana biyu ba ka kwana a ɗakin ba. Mansura ta kira jawwal ɗinka a kashe. Ina kake kwana? A gidan mutumin? Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Dela

*

Jarash
1 ga Jumada Ula

Yaya Dela,

Ki gafarce ni, ina lafiya. Sanyi ya kwantar da ni kwana uku, a gidan mutumin na yi jinya. Matarsa Dalal ce ta dafa mini ganye na sha. Ga yadda aka yi.

Na samu gidan ta hannun wani mai sayar da shayi a bakin ƙofar tsohon garin. Ɗaki uku ne a kan tudu, da itacen zaitun biyu. Ya buɗe ƙofa ya gan ni, bai kore ni ba, bai ce in shiga ba. Dalal ce ta leƙo ta ce ba a barin baƙo a tsaye. Muka zauna. Ya tambaye ni da Larabci wa ya aiko ni, me nake nema, ko da takardar hukuma na zo. Ido yake bina da shi kamar yadda kike bin Adamu. Ashe shi ma bai yarda da ni ba.

Na fito da takardarki na karanta masa tambayoyin. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da za a yi masa jarrabawa, bai nemi kowa ba, bai roƙi kowa komai ba, in ninke takardata. Ya tambayi wa ya rubuta. Na ce Dela.

Sai ya tashi ya tura ƙofar da ke tsakaninmu da matarsa. Ya dawo ya tsaya a kaina. Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito, kuma da Hausa ta fito, a karye:

“Ka gaya mata ban ɗauka ba.”

Na ce me. Ya ce, “Awarwaro. Ban ɗauka ba.”

Yaya, ni na ma manta. Awarwaron zinariya da Kaka ta kawo miki daga Omdurman saboda aurenki, wanda ya ɓace, kika ce Saleh kaɗai ya shiga ɗakin, Baba ya kore shi ya rantse Saleh ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Adamu bai san wannan ba. Cikin waɗanda ke raye ba wanda ya sani sai mu.

Daga baya ya ba ni labari, rabi Larabci rabi hannu. Motar kaya ya bi har Akaba ta nan Urdun. Ya yi dako, ya yi gadi, sannan ya yi shekara ashirin yana ɗaga wa masu tonon kayan tarihi duwatsu a tsohon garin. Wasu ginshiƙan da na rubuta miki, da kafaɗarsa aka tayar da su. Ya faɗa wa Dalal da ɗansu Raed cewa shi maraya ne, ba shi da kowa. A gabansu yanzu ni tsohon maƙwabci ne.

Ya tambayi Baba, na faɗa masa. Ya tambayi Inna, na faɗa masa. Bai yi kuka ba, ya fita ya tsaya wurin zaitun.

Tabon ƙusar a ƙafar dama yake. Na gani da yana alwala, ban tambaya ba.

Kwana goma sha ɗaya suka rage mini a bizar. Me zan ce masa?

Na'ibi

*

Sa'alaba
5 ga Jumada Ula

Na'ibi ƙanena,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Shi ne. Na sani tun takardarka ta biyu. Tambayoyin nan ba don in gane shi na aiko su ba, so na yi ya kasa.

Ka karanta wannan kai kaɗai tukuna.

Saleh bai ɗauka ba. Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyarsa ina warware katifar auduga don a kai wa mai ɗinki, awarwaron ya faɗo daga inda ɗinkin ya ɓalle. Ni na tura shi ciki da hannuna ranar da baƙi suka cika gida, na manta. Na tsaya da shi a hannu, Baba yana tsakar gida yana alwala. Taku biyar ne tsakaninmu. Saura mako biyu aurena, dangin miji sun riga sun ji labarin sata. Na ce bari a gama biki in faɗa. Aka gama biki na ce bari Saleh ya dawo in faɗa a gabansa. Bai dawo ba. Kowace shekara maganar ta ƙara nauyi har na kasa ɗaga ta.

Baba ya rasu yana ganin ya haifi ɓarawo. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ba. A ciwonta na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, Dela, kin tabbata? Na ce na tabbata.

Ban taɓa sa shi ba, ban sayar ba, ban ba Mansura ba. Yana cikin gwangwanin shayi a ƙasan akwatina. Na je Makka ba adadi, na roƙi gafara a gaban Ɗakin Allah, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ni kuma na fi so a ce mai shi ya mutu.

Jiya Juma'a na tara Mansura da mijinta da 'ya'yansu na faɗa musu duka, na ajiye gwangwanin a gabansu. Mansura ta tashi. Ta wanke kwanuka ta tafi gida ba ta yi mini sallama ba. Ban ga laifinta ba.

Yanzu ka karanta masa, kada ka rage kalma, kada ka gyara mini. Inda bai gane ba ka juya masa da Larabci. Ban aiko da roƙon yafiya ba, don ban san da wane baki zan roƙa ba. Ka ba shi kwatancen gida.

Dela

*

Jarash
10 ga Jumada Ula

Yaya,

Sallama. Ina lafiya, jibi zan taso.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu takardarki tana aljihuna ban iya kallon ta ba. Ni ma na yi shekaru ina cewa a raina ƙila ya ɗauka. Wannan tsakanina da ke ne, za mu yi maganarsa idan na dawo.

Na same shi wurin aiki bayan la'asar, muka zauna a gindin wani ginshiƙi da ya faɗi. Na karanta masa duka. Da na zo wurin tambayar Inna ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, ashe ba ta yarda ba. Na ce ba ta taɓa yarda ba. A nan ne ya rufe fuska da rawaninsa, har mai gadi ya zo ya ce za a kulle ƙofa.

Da muka isa gida ya kira Dalal da Raed. Ya nuna ni ya ce wannan ba maƙwabci ba ne, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yana da yaya a Jidda. Ya faɗa musu dalilin barinsa gida. Dalal ta yi fushi ƙwarai, shekara talatin da biyar yana ɓoye mata. Raed kuwa ya tashi ya sumbaci kaina, ya ce in koya masa yadda ake cewa baffa. Yaron yana da goshin Inna.

Na tambaye shi maganar yafiya ko da ba ki aiko ni ba. Ya ce bai sani ba tukuna, kuma ba zai yi miki ƙarya ba. Awarwaron ya ce ba ya son ganin sa. Abu ɗaya ya nema: ki rubuta wa Raed takarda da Larabci, da hannunki, ki faɗa masa sunayen kakanninsa har inda kika sani, ki rubuta masa cewa ubansa bai taɓa sata ba. Ya ce idan ya sami bizar umra a Rajab zai zo, amma a wurina zai sauka, kuma sai ya fara zuwa maƙabarta. Bayan nan zai ga abin da ƙafarsa za ta iya.

Na ce ko zai sa hannu a takardar nan. Ya ƙi. Na ninke ta zan fita, sai ya karɓi alƙalamin. Ya daɗe a kai. Abin da ke ƙasa nasa ne, ban gyara ba.

Na'ibi

Yaya Dela. Saleh ne. Ina da rai. Ki ci abinci, Na'ibi ya ce ba kya ci.